Tayil Ɗin Ɗakin Inna

Shekarun baya, saura ƙiris wani tayil mai ruwan madara ya raba mahaifiyata da ɗakinta. Sanyin da muka tashi da shi yau a Azare ne ya tuno min, na ce bari in ba ku labarin, tunda dama kun san ni, magana ba ta kwana a cikina.

Ni ce auta a wajen mahaifiyarmu, Inna muke ce mata. Babban yayanmu shi ne ɗan farinta, ita kuwa Inna irin matan da ce, waɗanda suka riƙe kunyar ɗan fari da hannu bibbiyu. Tunda na yi wayo ban taɓa jin ta kama sunansa ba. "Yayanku" take cewa, wani lokacin ma "wancan". Ba ta kallon fuskarsa, ba ta doguwar magana da shi. Idan ya zo gaishe ta, a bakin ƙofa yake tsugunnawa, ta amsa daga ciki tana kallon wani wajen. In akwai saƙo, ni take ba wa in faɗa masa, alhali yana nan yana ji da kunnensa. Ni kuwa da aurena da 'ya'yana har gobe a cinyarta nake ɗora kai, in faɗa mata duk abin da ya zo bakina, ta ce ba ni da ta-ido.

Da Allah Ya buɗa wa Yaya a Abuja, abin da ya fara yi shi ne gyaran ɗakin Inna. Ɗakin ƙasa ne tun na zamanin marigayi mahaifinmu, rufin azara, ƙasansa daɓe, duk damina sai an yi fama da yaɓe. Ya sa aka rushe shi aka tayar da na bulo, aka rufa kwano, aka sa manyan tagogin gilashi, aka shimfiɗa tayil mai sheƙi. Silin ne kawai ba a kai ga sawa ba, aka ce sai wani zuwan. Kun dai san yadda "wani zuwan" yake a gidajenmu.

Inna ba ta ce masa komai ba sai "Allah Ya yi albarka", wannan ɗin ma ta bakina ya ji. Amma ni na san abin da yake ranta. Matan unguwa suka riƙa zuwa kallo, tana ta cewa "ai ba wani abu ba ne" tana gyara zama. Ta hana a shimfiɗa komai a kan tayil ɗin in ban da 'yar siririyar sallayarta. Ba a shiga da takalmi, ita ma a waje take barin nata. Kullum da safe da kanta take bin sa da jiƙaƙƙen tsumma, in ka ce ta kawo ka yi mata sai ta ce ba ka iya ba.

Dama Inna tana da hawan jini, ta daɗe tana shan magani, kuma yana zaune lafiya. An gama ginin a ƙarshen damina. Da sanyi ya kankama sai ta fara cewa kanta yana ciwo da safe, ƙeyarta ta riƙe, wani lokacin ta ga jiri. Yaya ya aiko da na'urar awon jini, irin wadda ake ɗaurawa a damtse. Da yake gidana babu nisa, kuma ta ƙofar gidan nake wucewa zuwa makarantar firamaren da nake koyarwa, sai aka ɗora min aikin awo. Daga ranar na zama likitar gida. Har wani ɗaure fuska nake yi in ina danna na'urar, ni da ko allura ba na iya kallo.

Abin da na riƙa gani bai yi min daɗi ba. Da safe lambar tana can sama, da rana kuma ta ɗan sauko. Muka je asibiti. Kafin layi ya zo kanmu rana ta take, Inna ta sha hantsi a kan benci, da aka auna sai aka ga bai kai yadda nake faɗa ba. Likitar ta ɗan gyara mata magani, ta ce a rage gishiri. Na dawo gida na kafa doka. Na hana gishiri, na hana goro, na hana a kawo mata labarin rasuwa ko na rigimar dangi.

"Auta," in ji Inna, "kin hana ni gishiri, kin hana ni goro. Saura ki hana ni numfashi."

Duk da haka awon safe bai sauko ba. Rannan ta tashi daga lazimi za ta fita tsakar gida, jiri ya ɗebe ta, Allah Ya taimaka ta dafa ƙofa ta sulale a hankali. Ba ta ji ciwo ba, amma hankalin kowa ya tashi, don yayarta shanyewar ɓarin jiki ce ta kwantar da ita har ta koma ga Allah. Yaya ya kira ni a waya, muryarsa babu wasa. Ya ce ya isa haka, zai zo ya tafi da Inna Abuja ta zauna a wajensa, kusa da manyan likitoci, kuma ba zaman wata ɗaya ko biyu yake nufi ba.

Na faɗa mata. Tana jan carbi ta ce, "Ki ce masa na ji." Ba za ta iya ce masa a'a ba, ko ta bakina. Sai da na tashi zan tafi ta kira ni.

"Auta, wa zai riƙa ba awakina dusa?"

Na ce za a samu mai ba su.

Ta ce, "A gidan nan aka kawo ni ina yarinya, a nan aka fitar da mahaifinku. Can a bene za su ajiye ni, ban san kowa ba, in yi ta kallon bango. Ba zan daɗe ba, Auta."

Ban taɓa jin Inna ta yi magana irin wannan ba. Na fito ina share hawaye da gefen hijabi, raina a ɓace, kuma ban san da wa nake fushi ba.

Ana cikin haka aka yi haihuwa a gidan ƙanwarta a Chinade. Inna ta ce sai ta je suna, ta yi sallama da 'yan'uwa tunda ba ta san ranar dawowarta ba. Na ɗauki hutu na raka ta, na'urata a jaka. Ɗakin da aka sauke mu na ƙasa ne, rufin azara, irin namu na da. An shimfiɗa tabarmi a kan juna, an ɗora tsohon bargo. Da safe na ɗaura mata na'ura, sai na ga lambar ta sauko sosai. Na ce batir ne ya yi sanyi. Na auna ƙanwarta, na auna kaina, na auna wata baƙuwa da ta shigo neman ludayi, na dawo na sake auna Inna. Haka dai. Washegari ma haka, alhali da idona na ga ta ci tuwon suna da gishirinsa, kuma na san ƙanwarta ta sam mata goro a ɓoye.

Muka dawo Azare. Kwana ɗaya a ɗakinta, lambar ta koma inda take.

Na ba maigidana labari, ya ce wataƙila daɗin ganin 'yan'uwa ne, ya ƙara da cewa ko dai na'urar ce ta fi son ƙauye. Ban yi dariya ba. Abin ya tsaya min a rai, in ina rubutu a allo ma shi nake tunani.

Ranar Asabar na yi sammako na je wajen Inna tun rana ba ta fito ba. A gaggauce na fito, ban sa safa ba, ni da kullum da safa nake shiga ɗakin in ina hanyar makaranta. Na cire silifas na taka tayil ɗin nan. Wallahi sai da na ji sanyin ya ratsa ni har tsakar kai. Inna tana zaune inda take zama kullum, tun daga sallar asuba har hantsi, a kan sallayar da ba ta fi zani kauri ba. Na zauna kusa da ita a ƙasa, na kama ƙafarta, na ji ta kamar ƙanƙara. Na ɗaga kai na ga kwano tsirara, iska tana shigowa ta tsakaninsa da bango, ta gefen tagogi ma tana shigowa.

Na jira ta shafa addu'a, na ce, "Inna, ba kya jin sanyin nan?"

"Sanyi ai na Allah ne."

"Na tayil ɗin nake nufi."

Ta juyo ta kalle ni, irin kallon da take mana muna yara in mun yi magana a gaban baƙi. Ta ce, "Kul. Kada in ƙara ji."

A nan na gane ta daɗe tana jin sa. Ta gwammace ta daskare da a ce ta kushe abin da ɗan farinta ya yi mata.

Ranar Litinin na koma asibiti ni kaɗai, ina fargabar likitar za ta yi min dariya. Na zayyana mata komai, tun daga Chinade har ƙafar Inna. Ba ta yi dariya ba. Ta ce idan jiki ya ji sanyi jijiyoyin jini suna tsukewa don su riƙe ɗumi, sai zuciya ta ƙara ƙarfin turawa, shi ya sa jinin tsofaffi yakan hau a lokacin ɗari, musamman da sassafe. Ta ce zama a kan ƙasa mai sanyi, a ɗakin da ba ya riƙe ɗumi, yana iya ƙara abin. Ta ja min kunne cewa ba shi kaɗai ne dalili ba, kada a kuskura a daina magani. A ɗumama ɗakin, a rufe ƙafa, a yi alwala da ruwan ɗumi. Ta kuma ce kada in sake in kai kaskon gawayi in rufe ƙofa, don hayaƙinsa yana kisa ba a sani ba. Da zan fita ta ce, "Kin lura sosai, Malama." Kaina ya fasu. A kan acaɓa ma sai murmushi nake yi ni kaɗai.

Na biya kasuwa na sayi tabarmin kaba masu kauri, da safa, na kai wa Inna ina ji da kaina. Ta karɓi safar. Ta yarda da ruwan ɗumi. Tabarmi kuwa ta ce atafau.

"Abin da yaro ya yi min da guminsa, shi zan rufe da kaba? Ya zo ya gani ya ce ban yaba ba?"

Na yi lallashi, na yi fushi, na yi shagwaɓar auta, duk a banza. Na shimfiɗa da ƙarfi na tafi, da na dawo na tarar ta naɗe su ta jingine a bayan ƙofa.

Na kira Yaya na yi masa bayani. Ya yi dariya ya ce, "Auta, yanzu tayil ne yake kawo hawan jini? Duk gidajen nan garin ai tayil ne." Na ce gidajen can suna da silin da kafet, kuma babu mai zama a ƙasa tun asuba. Ya ce ya ji, amma ranar Juma'a yana nan tafe, in haɗa mata kaya. Ba mugunta ba ce, tsoro yake ji kamar yadda nake ji. Amma a lokacin haushinsa na ji sosai.

Ya iso da yamma. Washegari da sassafe an wanke mota, jakar Inna tana jingine a tsakar gida. Ya zo gaisuwa cikin rigar sanyi, ya tsugunna a bakin ƙofa a kan takalmansa kamar yadda ya saba. Ina kallonsa sai wani abu ya faɗo min. Mutumin nan shi ya gina ɗakin, amma bai taɓa taka cikinsa ba. Kunyar da take tsakaninsa da Inna ba ta taɓa barinsa ya wuce dokin ƙofa ba.

Na ce, "Yaya, alfarma ɗaya nake roƙo kafin ku tafi. Ka cire takalmi da safa, ka shigo ka zauna inda Inna take zama, har in dama kunu in kawo. In ka iya, ni da kaina zan sa jakarta a mota."

"Auta!" in ji Inna.

Na ce, "Ki yi haƙuri, Inna. Yau dai sai ya shigo."

Ya kalle ni kamar zai yi faɗa, sai kuma ya sunkuya ya cire takalmin. Inna ta tashi da sauri ta koma bakin gado, ta ja mayafi ta juya fuska wajen bango. Ya shigo a ɗarare ya zauna a kan sallayar. Ni kuwa na tafi madafa. Ban taɓa dama kunun da ya ɗauki lokaci irin wannan ba. Na rage wuta, na wanke kofunan da suke a wanke, har tsamiya na sake tacewa.

Da na dawo na tarar ya cusa hannuwa a tsakanin cinyoyinsa, ya tattare yatsun ƙafa, yana kallon kwanon da ke samansa. Ya dube ni ya ce, "Kullum a nan take zama?"

"Kullum. Tun asuba har hantsi."

"Me ya sa ba ta faɗa ba?"

Na ce, "Ta faɗa wa wa, Yaya? Kai?"

Na ga idonsa ya kaɗa ya yi ja. Ya tambaye ni ina tabarmin da na ce na saya, na nuna masa bayan ƙofa. Ya tashi ya ɗauko su da kansa, ya durƙusa da manyan kayansa yana warwarewa yana shimfiɗawa, yana danne gefen da ya naɗe da tafin hannu. Na zuba ido in ga ko Inna za ta hana. Ba ta hana ba. Sai da ya kusa kaiwa ƙofa ta yi magana, fuskarta har yanzu tana wajen bango.

"Auta, ki ce masa ya bar bakin ƙofa a buɗe, masu shigowa su riƙa gani."

Ban kai ga isar da saƙon ba ya ce, "To, Inna." Ya yi 'yar dariya yana goge ido da bayan hannu, ya ja tabarmar baya.

A tsakar gida muka yi magana ni da shi. Ya ce zai bar ta zuwa ƙarshen sanyi, in awon bai sauko ba babu sauran jayayya, zai zo ya tafi da ita. Na ce na yarda. Bai koma Abuja ba sai da ya ga kafinta ya sa silin, an toshe kafofin da iska take bi, an rataya labule masu kauri, an ɗora kafet a kan tabarmin. Na samo mata 'yar katifa na sa a ƙarƙashin sallaya. Ruwan alwala kuma a fulas yake kwana.

Ba zan ce muku washegari komai ya warware ba. A hankali abin ya riƙa saukowa, wata safiyar ya ɗan hau, wata safiyar ya sauka. Amma ciwon kan ya tafi, jirin ma bai ƙara dawowa ba. Da muka koma asibiti likitar ta duba ta ce a ci gaba a haka. Jakar nan ta daɗe a gefen gado ba a kwance ta ba, Inna ta ce a bar ta tukuna. Sai da zafi ya fara shigowa Yaya ya kira ni ya ce, "Babbar likita, a kwance jakar nan." Na je na faɗa mata. Ta tashi ta ɗebi dusa ta nufi wajen awakinta, ina jin ta tana yi musu magana.

Ina alfahari da wannan abin, kuma ba zan ɓoye ba. Na yi abubuwa a rayuwata da mutane suka yaba, amma babu wanda yake min daɗi in na tuna kamar wannan. Ban karanta likitanci ba, ba ni na warkar da ita ba, har yau tana shan maganinta kuma muna zuwa asibiti. Abin da na yi kawai shi ne na zauna inda take zama, na ji abin da take ji, sannan na yi rashin ta-idon da ya sa wanda ya kamata ya ji shi ma ya ji. Iyayenmu ba kowane ciwo suke faɗa ba, balle in faɗarsa za ta taɓa ɗansu. In kana da tsoho a gida kuma ka gyara masa ɗaki, wata safiyar sanyi ka cire takalmi ka shiga ka ɗan zauna a inda yake sallah.

Yau da safe na biya ta gidan. Inna tana kan sallayarta da safa a ƙafa, ɗakin da ɗuminsa. Tayil ɗin bakin ƙofa yana nan a buɗe yana sheƙi, har yanzu da kanta take goge shi. Wata sabuwar maƙwabciya ta shigo gaisuwa, ta tsaya tana kallonsa ta ce, "Hajiya, wannan tayil da kyau yake."

Inna ta gyara zama ta ce, "Yayansu ne ya sa min."

Matar ta ce, "To me ya sa aka rufe sauran?"

Inna ta nuna ni da carbi ko kallona ba ta yi ba, ta ce, "Wannan kuma rigimar Auta ce. Ita ta hana a kai ni Abuja."